Haƙuri da Alhaki a Cikin Shaihu Umar: Sake Duban Jigo da Taurarin Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa

Tsakure

Shaihu Umar na daga cikin ƙagaggun labaran Hausa da suka fi daɗewa a hannun ɗalibai. Amsar da aka saba bayarwa idan aka tambayi jigonsa ita ce haƙuri da yarda da ƙaddara, sannan a jera taurarinsa gida biyu, na kirki da na banza. Wannan maƙala ta auna wannan fahimta da ma'aunin tauhidi da fiƙihun da aka gada a ƙasar Hausa. Ta nuna cewa amsar tana da gaskiya a cikinta, amma idan aka tsaya a kanta kaɗai, ɗalibi zai fita daga aji da zaton cewa ƙaddara tana wanke azzalumi. Ta hanyar duban Makau da Abdulkarim da mahaifiyar Umar, maƙalar ta kafa hujjar cewa littafin ya ɗora haƙuri a kan wanda aka zalunta, ya bar alhaki a wuyan waɗanda suka yi zaluncin.

Gabatarwa

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haifi Abubakar a shekarar 1912, don haka yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta littafin, yana sabon fitowa daga Kwalejin Katsina. Daga baya Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Littafin da ya yi wannan tsawon rai a makarantu ya wuce a ɗauke shi abin cin jarrabawa kawai. Yaron da aka koya wa jigon labari an koya masa yadda zai fassara abin da ke faruwa da mutane. Tunda kalmomin da ake fassara wannan littafi da su, wato haƙuri da ƙaddara, kalmomin aƙida ne, malaman addini suna da haƙƙin tambayar ko an ajiye su a muhallinsu.

Taƙaitaccen labari

Labarin ya buɗe a Rauta, kusa da Bauchi, inda wani babban malami, Shaihu Umar, yake karantarwa. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarkin garin. Bayan wani hari da fadawa suka kai ƙasar Gwari don kamo bayi, abokan zaman Makau suka ƙulla masa sharri, sarki ya gaskata su, aka kore shi daga gari. A cikin wannan ruɗani, lokacin da uwar ta tafi ganin iyayenta, wani mutum ya sace Umar. Kura ta kashe ɓarawon, wasu mutane suka tsinci yaron suka riƙe shi, sannan mahara suka sake kama shi, aka kai shi Kano. A can ya faɗa hannun wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami.

Ita kuwa uwar ta bazama nemansa. Aka yaudare ta da sunan taimako, aka mayar da ita baiwa, aka bi da ita ta hamada har Tarabulus. Bayan shekaru masu yawa ɗa da uwa suka haɗu a can, ta tsufa ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. A kan hanyar komowa guguwar hamada ta halaka ayarin, Umar ya tsira, ya iso Rauta ya zauna yana koyarwa. Ambaton Rabe a ƙarshen labarin ya nuna zamaninsa, domin Rabe ya ci Borno a 1893, aka kashe shi a 1900.

Musiba daban, laifi daban

Dalilin da ya sa aka saba cewa jigon littafin haƙuri ne a fili yake. Mai ba da labarin yana magana cikin natsuwa, ba ya zagi, ba ya tsinuwa, kuma ƙarshensa ya yi kyau: yaron da aka kora cikin ayarin bayi ya zama shaihun da ake tahowa daga nesa don ɗaukar karatu wurinsa. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci, ga shi kuwa an ga misali. Ɗalibi kan rufe amsarsa da cewa duk abin da ya sami Umar rubutacce ne, kuma da ba a sace shi ba da bai zama malami ba.

Rabin farko na wannan magana aƙida ce ingantacciya. Duk almajirin da ya karanta babin farko na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci, wajibi ne. Rabi na biyu ne ke da haɗari, domin yana iya sa a ga ɓarawon yaro tamkar mai taimako. Malaman Sunna sun daɗe da toshe wannan ƙofa. A wurin Ash'arawa, waɗanda littattafansu na tauhidi suka cika zaurukan ƙasar Hausa, Allah ne Mahaliccin ayyuka, bawa kuma yana da kasabi, wato tsiwirwirin da a kansa ake ba shi lada ko a kama shi da laifi. Ibn Taimiyya, a sharhinsa ga hadisin jayayyar Annabi Adamu da Annabi Musa (AS), ya bayyana cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kafa ta a kan laifin da mutum ya aikata. Alƙur'ani kansa, a aya ta 148 ta Suratul An'am da aya ta 35 ta Suratun Nahli, ya kawo mushirikai suna fakewa da nufin Allah don kare aikinsu, ya kuma rushe wannan hujja.

Saboda haka satar Umar abu ɗaya ne mai fuska biyu. A wajen Umar musiba ce, haƙuri ya dace da ita. A wajen wanda ya sace shi da wanda ya kama shi da wanda ya sayar da shi zunubi ne, tuba da mayar da haƙƙi suka dace da shi. Alherin da Allah ya fitar daga bisani ba ya rage komai daga nauyin da ke kansu.

Mafi kusancin abin da za a kwatanta littafin da shi shi ne ƙissar Annabi Yusuf (AS), kuma kamannin ba ɓoyayye ba ne: yaro da aka raba da mahaifi, aka sayar da shi, aka kai shi Masar, ya tashi a gidan mutumin da ya girmama shi, ya sami ɗaukaka, daga ƙarshe ya sadu da wanda ya daɗe yana begensa. Amma mai karatun surar ya san cewa ɗaukakar Yusuf ba ta shafe laifin 'yan uwansa ba. A aya ta 89 ya tunatar da su abin da suka yi, a aya ta 91 suka amsa laifinsu da bakinsu, sannan a aya ta 92 ya yafe musu. An ambaci laifi da sunansa kafin afuwa ta zo. Wanda zai karanta Shaihu Umar da hasken wannan sura dole ne ya tambayi inda masu laifi suke a cikinsa, da abin da labarin ya yi da su.

Makau: gaskiya a cikin ɓatacciyar sana'a

A jerin taurari Makau kan sami lambar mai gaskiya wanda hassada ta cutar. Haka abin yake. Ya ƙi shiga ha'incin abokansa, ya rasa gida da dukiya a kan haka. Sarkin Kagara kuwa misali ne na shugaban da ya yanke hukunci a kan tsegumi, abin da aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kansa.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: gaskiyar Makau a kan me take? A kan lissafin mutanen da aka kamo ne. Shi ma yana cikin maharan, ya hau dokinsa ya tafi tare da su. Labarin bai nuna wani kira zuwa ga addini kafin harin ba, bai nuna wata ta'adda da mutanen suka yi ba. Manufar tafiyar ita ce samo bayi. Ko a ma'aunin littattafan fiƙihun da suka yi magana a kan ribatattun yaƙi, yaƙi yana da sharuɗɗa da niyya da jagoranci, farautar mutane don cika taskar fada kuwa ba ta shiga ciki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙat, ya koka da waɗanda suka karkatar da al'amarin jihadi zuwa neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai, har ya ambaci masu sayar da 'ya'ya a kasuwa a cikin waɗanda ya zarga.

Zubin labarin ya yi hukuncin da bakin mai ba da labarin bai furta ba. Babban al'amari na farko a littafin hari ne da mutanen gidan Umar suka kai wa wasu. Duk abin da ya biyo baya dawowar wannan hari ne a kan gidan: uban riƙo ya yi gudun hijira a dalilin rabon bayi, ɗa ya zama bawa, uwa ta zama baiwa. Kasuwar da ta saba haɗiye Gwari ba ta tsaya tambayar kalmar shahada ba da ta sami yaro Musulmi a gabanta. Don haka Makau mutumin kirki ne a mu'amalarsa da sarkinsa, amma kirkinsa bai kai ga ganin mutanen da ke ɗaure a bayan dokinsa ba. Ɗalibin da aka nuna wa wannan ya koyi darasin da ya fi jera sunaye amfani, wato mutum na iya zama amintacce ga abokan sana'arsa alhali sana'ar kanta cuta ce.

Abdulkarim: kyautatawa ba ta maye gurbin haƙƙi

Abdulkarim ne tauraron da ya fi wuyar aunawa. Ya ciyar da Umar, ya tufatar da shi, ya ba shi ilimi, ya raka shi neman mahaifiyarsa. Babu mai musun wannan alheri, kuma shari'a ta yi umarni da irinsa ga duk wanda ke ƙarƙashin hannun mutum. Amma a wurin da ake cinikin bayi ya sami yaron, kuma irin wannan ciniki ne ya kawo shi Kano. Tambayar fiƙihu a nan ita ce: shin halal ne tun farko wannan yaro ya zama abin mallaka?

Amsar ba sabuwa ba ce a Bilad Sudan. A wajen shekarar 1391 Mai na Borno, Usman bin Idris, ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana ƙarar wasu Larabawa da ke kama 'ya'ya Musulmi na ƙasarsa suna sayarwa a Masar da Sham. Alƙalƙashandi ya adana wasiƙar a Subhul A'asha. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud don amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayin da ake kawowa daga kudancin hamada. Ya tabbatar da cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya yi watsi da tatsuniyar la'anar Ham, ya lissafa Kano da Katsina da Borno da Songhai a cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. A ƙarshen ƙarni na 19, wato daidai zamanin labarin Umar, masanin tarihin Maroko Ahmad Annasiri ya soki wannan ciniki da kakkausar murya a littafinsa Al'istiƙsa, yana mai tunatarwa cewa asalin ɗan Adam 'yanci ne. Sama da duk waɗannan akwai hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, wanda ya sa mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa a cikin mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama.

Ko da an ce Abdulkarim bai san asalin yaron ba, fiƙihu bai bar shi babu jagora ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, Sayyidina Umar (RA) ya hukunta cewa yaron da aka tsinta ɗa ne. Rashin sanin asali dalili ne na ɗaukar mutum a matsayin ɗa, har sai hujja ta tabbatar da akasin haka. Abin da Umar ya cancanta tun a Kano shi ne a nemi danginsa a mayar da shi. Shekarun da ya yi yana karatu a Ber Kufa su ne shekarun da mahaifiyarsa ta yi tana bauta a wani gida a wancan gefen hamadar.

Wannan ba ya nufin a cire Abdulkarim daga jerin mutanen kirki a jefa shi cikin na banza. Abin da ake nufi shi ne jerin kansa bai isa ba. Marubucin ya zana mutumin da ke da tausayi ga yaro ɗaya da ya shiga ransa, yana kuma cin abinci daga hanyar da ta halaka dubbai irinsa. Umar ya tsira ne saboda ya dace da ubangida mai sauƙin hali, kuma littafin ya ajiye labarin mahaifiyarsa a gefen nasa don mai karatu ya ga abin da ke faruwa da wanda bai dace ba.

Mahaifiyar Umar: haƙuri mai tafiya da ƙafa

Idan jigon littafin haƙuri ne a ma'anar zama wuri ɗaya a jira, to mahaifiyar Umar ta kasa. Ta ƙi zama, ta fita neman ɗanta ita kaɗai, fitar ce kuma ta jefa ta hannun mayaudara. Wasu ɗalibai kan kai ga cewa rashin haƙurinta ne ya jawo mata. Wannan fassara tana ɗora laifi a kan wadda aka cuta, kuma ta saɓa wa ma'anar haƙuri a wurin malamai.

Ibnul Ƙayyim, a Uddatus Sabirin, ya kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddarori masu ciwo. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙunshi barin riƙo da sababi. Annabi Yaƙub (AS), wanda Alƙur'ani ya danganta wa kyakkyawan haƙuri, shi ne wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki a aya ta 84, ya kai kukansa ga Allah a aya ta 86, ya kuma tura 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf da ɗan uwansa a aya ta 87, yana hana su yanke ƙauna. Nana Hajara ta yi ta kai da komowa tsakanin Safa da Marwa tana nema wa ɗanta ruwa, Allah ya mayar da wannan gudu nata ibada ga al'umma. Sayyidina Umar (RA), da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

A wannan ma'auni, uwar Umar ce ta ɗauki mafi nauyin haƙuri a littafin. Umar yaro ne lokacin da aka sace shi, bai san abin da ya rasa ba sai daga baya, kuma ya tashi cikin gata. Ita ta san komai tun ranar farko. Ta rasa miji da ɗa da 'yanci da ƙasa, ta tsufa a hannun baƙi, ba ta daina nema ba. Kuma a duniyar labarin ba ta ga sakamakon da karin magana ya yi alkawari ba, in ban da ganin fuskar ɗanta na ɗan lokaci. A nan littafin ya rabu da ƙissar Yusuf, inda aka ɗaga iyaye a kan gadon mulki. Marubucin ya ƙi bai wa mai karatu wannan sanyin zuciya. Rayuwarta ta nuna cewa ba kowane haƙuri ne ake biya a duniya ba, kuma idan sakamakonta yana lahira, to hisabin waɗanda suka sayar da ita ma yana can.

Shari'a ta ba wannan rabuwa nauyi na musamman. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub Al'ansari (RA) gargaɗin Annabi (SAW) cewa mai raba uwa da ɗanta za a raba shi da masoyansa ranar ƙiyama. Risala ta hana a raba baiwa da ɗanta a ciniki har sai yaron ya yi famfara. Idan wannan ne haƙƙin baiwa, ina ga 'ya da aka sace wa ɗa, sannan aka sayar da ita a kan hanyar nemansa?

Shirun Shaihu

Akwai suka biyu da za a iya yi wa wannan fahimta. Na farko, Shaihu Umar da kansa bai tsaya ya la'anci kowa ba, don haka a ce ana cusa wa littafin abin da bai faɗa ba. Amsa ita ce a bambance mai ba da labari da mai tsara labari. Umar tauraro ne, yana magana da harshen dattijon malami a gaban almajiransa, kuma idan ya kau da kai daga haƙƙinsa, wannan ihsani ne da ya dace da shi. Amma afuwa mallakar wanda aka zalunta ce. Mai karatu ba shi da hurumin yafewa a madadin Umar, balle a madadin mahaifiyarsa. Marubucin kuwa ya yi maganarsa ta hanyar abin da ya zaɓi ya nuna da yadda ya jera shi: harin da ya buɗe labarin, kura da ta cinye ɓarawon yaro, tsohuwar da ta mutu a baƙuwar ƙasa. Natsuwar muryar Umar ma tana ƙara wa waɗannan al'amura nauyi, domin mai karatu ne ake bari ya ji zafin da mai maganar ya haɗiye.

Suka na biyu shi ne cewa hukumar Turawan mulkin mallaka ce ta buga littafin, kuma Turawa sun daɗe suna kafa hujja da cinikin bayi don halatta mamayarsu. Wannan tuhuma ta cancanci a saurare ta. Dokar Lugga ta 1901 ta soke matsayin bauta a kotuna ta kuma 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara, amma sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ke nan an rubuta littafin a lokacin da maganar ke da rai, da yawan masu karatunsa na farko sun san bayi da iyayengiji da idonsu. Duk da haka, babu wani Bature da ya zo ya ceci Umar ko mahaifiyarsa. Abin da ya ɗaga Umar Alƙur'ani ne da ilimi, mutumin da littafin ya fi girmamawa kuma malamin Musulunci ne. Ma'aunin da ke fallasa zaluncin da ke cikin labarin yana nan a littattafan Ahmad Baba da Abdullahi ɗan Fodiyo tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa da sunan mulki. Musulmin da ya kira satar Umar haram yana bin malamansa ne.

Kammalawa

Amsar da ta fi cika game da jigon Shaihu Umar ita ce: littafi ne a kan bautar da 'ya'ya da raba iyali, wanda ya nuna haƙurin waɗanda abin ya faɗa wa, da ɗaukakar da ilimi ke bayarwa, ba tare da ya sauke alhaki daga kan masu hannu a ciki ba. Taurarinsa kuma ba sa shiga gida biyu cikin sauƙi. Makau mai gaskiya ne kuma mahari, Abdulkarim mai tausayi ne kuma mai cin moriyar cinikin bayi, uwar da ake zargi da gaggawa ita ce mafi haƙurin kowa.

Wannan gyara yana da muhimmanci saboda waɗanda ke zaune a ajin. Da yawa daga cikin ɗaliban Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja sun san satar mutane a ƙauyukansu. A watan Fabrairun 2021 an kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, gari mai suna ɗaya da mahaifar Umar. Hamadar da aka ƙetara da mahaifiyarsa har yanzu masu safarar mutane suna bin ta zuwa Libiya. Yaron da aka sace wa ɗan uwa yana buƙatar jin cewa haƙurinsa ibada ne mai lada. Yana kuma buƙatar jin cewa wanda ya yi satar, da wanda ya kai masa rahoto, da wanda ya ci riba, da shugaban da ya yi sakaci, kowannensu yana da hisabi, kuma neman a kuɓutar da wanda aka kama ba ya warware tawakkali.

Malamin adabi da malamin tauhidi suna koyar da yaro ɗaya. Ya dace mai koyar da wannan littafi ya sa ɗalibai su ware, a kowane babi, abin da ya sami tauraro da abin da tauraro ya aikata, su kuma tambayi wanda ke da haƙƙi a kan wa. Da wannan 'yar tambaya ɗalibi zai fita da sahihiyar aƙida game da ƙaddara, ya kuma karanta littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa yadda aka gina shi. Allah ne mafi sani.